Yadda Ake Karanta Tarihin Halittu a Jikin Dutse: Jagora ga Mai Son Gani da Idonsa

A Kalambaina, gefen birnin Sakkwato, inda ake haƙo farin dutsen da ake yin siminti da shi, ana tsintar bawon halittun teku a cikin dutsen. Daga nan zuwa gaɓar teku mafi kusa tafiyar ɗaruruwan kilomitoci ce. Babu wanda ya kwaso su ya kai can. A wurin suka rayu, a wurin suka mutu, lokacin da wani siririn teku marar zurfi ya ratsa Sahara daga arewa, ya kwanta a kan ƙasashen da yau muke kira Tawa da Gobir da Sakkwato. Ruwan ya yi ta shigowa yana janyewa tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce.

Mutum na iya tabbatar da babban ɓangaren wannan labari da ƙafarsa da idonsa, in ya san yadda ake dubawa. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, ƙashi ko bawon da ya zama dutse ba ya faɗin abu mai yawa shi kaɗai. Shimfiɗar dutsen da aka same shi a ciki, da abin da ke ƙarƙashinta, da abin da ke samanta, su ne masu ba da labari. Wanda ya tsinci ƙashi ya jefa a aljihu bai rubuta inda ya fito ba, ya zubar da mafi yawan amfaninsa.

Mataki na farko: zaɓi ƙasar da ta dace

Ba kowane dutse ke ɗauke da burbushin halittu ba, wato ƙashi ko bawo ko sawun da ya zama dutse. Manyan duwatsun nan masu sulɓi irin na Kwatarkwashi da Zuma da tsaunukan Jos, narkakken dutse ne da ya huce ya daskare a can cikin ƙasa, babu mai rai da zai bar sawu a cikinsa. Yawancin ƙasar Kano da Zariya ma a kan tsohon dutse mai tauri take, wanda zafi da matsi suka sauya masa kama. In a nan kake zaune, kada ka wahalar da kanka a bayan gari.

Abin da kake nema shi ne dutsen da ya samu daga kwantar yashi da laka da bawo, hawa bisa hawa, a gindin kogi ko tafki ko teku. Irinsa ya cika ƙasar Sakkwato da Kabi, ya zarce Nijar ta Tawa har Ingal da Agadas. Akwai shi kuma a yankin Gombe da kwarin Gongola, musamman wajen Ashaka. Ka nemi inda ƙasa ta buɗe cikinta: gefen kwazazzabo, bangon rafi da rani, inda aka yanke tudu don a wuce da hanya, tsohon ramin haƙar dutse. Bayan damina ta ɗauke ya fi, domin ruwa ya wanke sabuwar fuska.

Mataki na biyu: izini da kayan aiki

Ka fara da gaishe da mai gari, ka faɗa masa abin da ya kawo ka, ka nemi ya haɗa ka da wanda ya san dajin. Makiyaya da mahaƙan rijiya sun fi kowa sanin inda "duwatsu masu kama da ƙashi" suke. Ka tambayi halin tsaro kafin ka tashi, domin wasu daga cikin wuraren nan ba sa shiguwa a yanzu, kuma babu dutsen da ya kai ranka. Ramin kamfani kuwa ba a shiga sai da yardarsu.

Kayan ba su da yawa: littafi da fensir, awon tela ko na magina, ƙaramar guduma, tsohon buroshin haƙori, waya mai ɗaukar hoto da nuna wuri, tsofaffin jaridu na naɗi, lemun tsami ko finiga, da ruwan sha mai yawa. Kada ka tsaya a gindin bangon da ya rusuno.

Mataki na uku: fara daga ƙasa, ka hau sama

Duk wanda ya taɓa leƙa sabuwar rijiya ya ga abin: baƙar ƙasa a sama, sai ja, sai marmara, sai yumɓu, sai yashi mai ruwa. Mahaƙi ya san wannan jeri sarai, har yakan gaya maka gaba nawa suka rage kafin ruwa. Ƙa'idar da masana ke aiki da ita ta fito ne daga irin wannan lura. A 1669 wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Nicolas Steno ya rubuta ta: shimfiɗar da ke ƙasa ta riga ta sama kwanciya, shimfiɗu a kwance suke samuwa tun asali, kuma kowace takan miƙe gefe da gefe har sai wani abu ya katse ta. Tun kafin shi da ƙarnoni, Ibn Sina ya yi magana a kan yadda duwatsu ke samuwa hawa-hawa daga laka, al-Biruni kuma ya duba duwatsu da tsakuwar filayen Indiya ya ce wurin tsohon teku ne da koguna suka cike.

To, ka tsaya a gindin bango. Ka ba shimfiɗar da ta fi ƙasa lamba 1. Ka auna kaurinta, ka rubuta launinta, ka murza ɗan guntu tsakanin yatsu ka ji ko gari ne ko yashi ko tsakuwa. Ka zana ta a littafi, ka hau ta biyu. Ka kula sosai da inda biyu suka haɗu: sauyin a hankali ya zo, ko kuwa kaifi ɗaya? Layi mai kaifi da ƙwarya-ƙwarya, wanda tsakuwa ke kwance a kansa, yawanci alama ce cewa ruwa ya janye, iska da ruwan sama sun ci wani sashe, sannan daga baya aka ci gaba da zubi. A irin wannan layi ɗaya, shekaru miliyoyi na iya ɓacewa ba su bar komai ba.

Inda ka ga shimfiɗu sun karkace ko sun lanƙwashe, motsin ƙasa ne ya zo bayan sun kwanta. Inda tsaga ko jijiyar wani dutse ta yanke su, ita ce ƙarama a shekaru, domin ba a yanka abin da babu. A ƙasar Sakkwato an yi sa'a, shimfiɗun sun ɗan jingina ne kawai zuwa arewa maso yamma, ba su birkice ba. Saboda haka matafiyin da ya taso daga wajen Gusau ya nufi Sakkwato ya wuce, yana taka tsofaffi ne da farko, yana hawa kan sababbi.

Mataki na huɗu: gane wurin da dutsen ya kwanta

Girman ƙwayar dutse yana gaya maka ƙarfin ruwan da ya kawo ta. Tsakuwa sai ruwa mai gudu. Yashi mai siraran layuka a karkace cikin shimfiɗa aikin kogi ne ko tudun rairayi. Laka mai laushi da ke ɓarewa falle-falle ta kwanta ne a ruwa mai natsuwa, in kuma baƙa ce to gindin ruwan ba shi da iska sosai, wanda hakan ke hana gawa saurin ruɓewa. Farin dutse kuwa, ɗiga masa lemun tsami ka kawo ido kusa. In ya yi ƙananan kumfa, dutsen farar ƙasa ne, kuma mafi yawan irinsa daga bawon halittun ruwa mai ɗumi ya taru. In ka ga ƙyalli kamar gilashi cikin laka, wanda farce ke iya karcewa, jibsam ne, alamar ruwan gishiri da ya yi ta ƙafewa. Tsagewar laka irin ta busasshen tafki ma takan daskare ta zama dutse, ta shaida maka cewa rana ta taɓa dukan wannan fuska.

Mataki na biyar: nemo burbushin, ka bambanta shi da mai kama da shi

Ka fara duba abin da ya zubo a gindin bango, in ka ga wani abu sai ka bi shi sama har shimfiɗar da ya faɗo daga ciki. Ka rage sauri, ka durƙusa. Hasken safe da na la'asar sun fi na tsakar rana fito da siffa.

Ƙashi na gaske, in ya karye, za ka ga cikinsa da ƙananan ƙofofi, bayansa kuma da santsi da siraran zane. Haƙori yana da ƙyalli, sau da yawa baƙi ko ruwan ƙasa. Bawo yana da tsari mai maimaituwa, haƙarƙari ko naɗi. Icen da ya zama dutse yana nan da jijiyoyinsa, sai dai nauyi. Akwai kuma abin da ba jikin dabba ba ne, aikinta ne: ramin tsutsa, sawun ƙafa, har kashin kifi da na kada da ya daskare, wanda ake samu da yawa cikin lakar Dange. Masu ruɗin mutum su ne dunƙulallun ƙarfe na cikin marmara, da wani baƙin zane mai rassa a fuskar dutse da ake ɗauka ganye ne alhali ma'adini ne ya tsiyaya. Dunƙule ba shi da tsarin ciki, kuma ba za ka sami biyu masu siffa ɗaya sak ba.

Ka rubuta yadda abin yake kwance. Ƙasusuwa a jere, kowanne a gurbinsa, suna nufin an binne dabbar da wuri. In a warwatse suke, gefunansu sun goge, ruwa ne ya yi ta mirgina su daga wani wuri.

Mataki na shida: haɗa wannan bango da wancan

Bango ɗaya guntun labari ne. William Smith, mai awon hanyoyin ruwa a Ingila, ya lura cewa kowace shimfiɗa tana da nata irin burbushin, kuma jerinsu ba ya sauyawa ko an je wani gari. Da wannan ya fitar da taswirar duwatsun Ingila a 1815. Halittun da suka fi amfani a wannan aiki su ne waɗanda suka yaɗu ko'ina cikin teku amma ba su daɗe ba wani iri ya maye gurbinsu. Babban misali shi ne amonayit, dabbar teku mai bawo a naɗe kamar ƙahon rago. A dutsen Ashaka ana samun wani irinsa da ake kira Vascoceras, wanda ake samu kuma a Aljeriya da Tunisiya da Fotugal, duk a shimfiɗu masu kimanin shekara miliyan 94. In ka same shi a wurare biyu, ka san duwatsun sa'o'in juna ne ko da launinsu ya bambanta.

Mataki na bakwai: karanta jerin gaba ɗaya

A nan ne wahalar awo da zane ke biya. Ɗauki jerin ƙasar Sakkwato, wanda masana suka raɗa wa kowane hawa nasa sunan garin da ya fi bayyana.

A ƙasa akwai shimfiɗar Gundumi da ta Illo: yashi da tsakuwa da yumɓu, da gumagumen ice da suka zama dutse. Wannan tudu ne mai koguna da itatuwa. Sama da su sai Taloka, lallausan yashi da laka na bakin ruwa. Sai Dukamaje, laka mai jibsam da ƙasusuwa, wato teku ya iso. A cikinta aka sami wani ƙaton mai jan ciki na teku, daga dangin da ake kira mosaso, aka sa masa suna Goronyosaurus saboda Goronyo, tare da kada mai dogon baki da kunkuru da haƙoran kifin shak, da amonayit mai suna Libycoceras da ake samu har Libiya da Masar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ruwan Sakkwato a haɗe yake da tekun arewa. Sai Wurno, yashi ya dawo, teku ya ja baya. Sai Dange, laka kuma, teku ya sake shigowa. Sai farin dutsen Kalambaina. Can sama sai Gwandu, yashi da yumɓu na tudu, teku ya tafi bai dawo ba.

Yanzu kwatanta tekun farko da na biyu. A Dukamaje akwai mosaso da amonayit. A Dange da Kalambaina, duk da cewa teku ne iri ɗaya a wuri ɗaya, babu ko ɗaya daga cikinsu. Kadoji suna nan, kunkuru suna nan, kifaye suna nan, amma waɗancan biyun sun ɓace. Haka abin yake a duk duniya: ƙasa da wani layi mai shekara miliyan 66 ana samunsu, su da manyan dainoso, wato ƙattin dabbobin tudu na zamanin da daga dangin masu jan ciki, sama da shi babu. A 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter da abokan aikinsu suka ba da rahoton cewa siririyar lakar da ke kan wannan layi a Gubbio ta ƙasar Italiya tana ɗauke da ƙarfen iridiyam fiye da ƙima, wanda ba shi da yawa a bayan ƙasa amma yana da yawa a duwatsun da ke faɗowa daga sama. Suka ce wani babban dutse ne ya faɗo daga sama ya jawo wannan halaka. Daga baya aka gano ƙaton ramin da dutsen ya bari a Chicxulub ta ƙasar Meziko. Abin da ke sosa mini rai shi ne, yaro zai gama sakandare a Wurno ko Goronyo ya karanta wannan a matsayin labarin wata duniya, alhali shaidarsa tana cikin tudun da ke bayan gidansu.

In kana son dainoso ɗin kansu, sai ka koma shimfiɗun da suka girmi waɗannan, a Nijar. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, yashin tsofaffin koguna mai kimanin shekara miliyan 110 ya ba da Ouranosaurus, wanda Philippe Taquet na Faransa ya bayyana a 1976, da ƙaton kada Sarcosuchus, da Suchomimus mai kamun kifi, da Nigersaurus mai haƙora sama da 500, waɗannan biyun na ƙarshe ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ne ya bayyana su a 1998 da 1999. Wurin da yau babu ɗigon ruwa, ƙasusuwan kifi da kada ne shimfiɗe a cikinsa. Wanda ya je Yamai ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama zai ga irin waɗannan ƙasusuwa.

Mataki na takwas: daga ina adadin shekarun ke fitowa?

Jerin shimfiɗu yana gaya maka wa ya girmi wa, amma ba ya ba ka lamba. Lamba daga ɗakin gwaji take zuwa. Wasu sinadarai suna rikiɗa zuwa wasu a kan wa'adi tabbatacce da aka auna. Kabon-14, wani sinadari da ke jikin masu rai, yana raguwa da rabi duk shekara 5,730, shi ya sa yake aiki a kan ice da gawayi da ƙashin da bai wuce kimanin shekara 50,000 ba. Da shi aka gane cewa kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987 a jihar Yobe ta yanzu, ya kai kimanin shekara 8,000. Ga dainoso ba shi da amfani, domin ya ƙare tun tuni. A nan ana komawa ga fotasiyam-40, mai raguwa da rabi duk shekara biliyan 1.25, ko yuraniyam-238, mai biliyan 4.5.

Ba ƙashin ake aunawa ba. Ana neman tokar aman wuta da ta kwanta ƙasa da shi da wadda ta kwanta sama da shi, a auna ƙwayoyin ma'adinin cikinsu, shekarun ƙashin su faɗa tsakani. Inda babu toka, sai a jingina da burbushin da aka riga aka san shekarunsu a wani wuri, kuma a nan ake iya yin gyara. Jobaria, dogon dainoso na wajen Tigidit kusa da Ingal, da farko an ba shi kimanin shekara miliyan 135. A 2009 wasu masana suka sake duba duwatsun da halittun da ke tare da shi, suka mayar da shi sama da miliyan 160. Kai a matsayinka na mai fita daji, aikinka a nan shi ne rubuta shimfiɗar daidai, domin da bayaninka ne wani zai iya yin irin wannan gyara gobe.

Mataki na tara: yi hattara da abin da babu

Kaɗan ne ƙwarai daga cikin masu rai ke zama dutse. Mai ƙashi da bawo ya fi mai taushin jiki sa'a, na ruwa ya fi na tudu. Don haka rashin ganin abu a bango ɗaya ba hujja ba ce cewa bai rayu ba. Sai an rasa shi a wurare da yawa, cikin irin dutsen da ya kamata a same shi, kafin a ce ya ƙare. Duk da wannan giɓi, jerin duniya bai taɓa juyewa ba: ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya tun kimanin shekara biliyan 3.5, dabbobi masu bawo da yawa daga kimanin miliyan 540, sannan kifaye, sannan masu ƙafa huɗu a tudu, sannan dainoso, manyan dabbobi masu shayarwa kuma bayan layin nan na miliyan 66. Jerin ya yi ƙarfin da har ana iya faɗin inda za a haƙa. Masu neman halittar da ke tsakanin kifi da mai ƙafa huɗu sun zaɓi dutsen tsofaffin koguna mai shekara miliyan 375 a tsibirin Ellesmere na Kanada, suka yi ta nema, a 2004 suka sami Tiktaalik, kifi mai wuya irin na dabbar tudu, da ƙasusuwan dantse cikin fiffikensa.

Mataki na goma: idan ka sami wani abu

Kafin ka taɓa shi, ɗauki hoto daga nesa yadda bangon duka zai fito, sannan daga kusa da awo ko biro a gefensa. Rubuta lambobin wurin daga wayarka, da ranar, da lambar shimfiɗar, da nisanta daga gindin bango. Ƙaramin bawo ko haƙorin da ya riga ya faɗo, ka naɗe shi a jarida tare da takardar da ke ɗauke da wannan bayani, kowanne da naɗinsa. Kada ka wanke ƙashi da ruwa, kada ka shafa masa mai ko fenti.

In kuwa ƙasusuwa ne da yawa a jere cikin dutse, ka bar su. Ciro irinsu yana buƙatar gam na musamman da filasta da mutanen da suka saba, guduma ɗaya na iya ruguza ƙoƙon kan da babu irinsa. Ka rufa musu ɗan yashi don rana da kofaton dabbobi, ka sanar da mai gari, kuma kada ka sayar wa mai yawon saye, domin fitar da irin wannan kaya daga ƙasa ba tare da izini ba na iya zama laifi. Ka kai hotunan da zanen littafinka sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa, kamar Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Ahmadu Bello a Zariya, ko Abdou Moumouni a Yamai, ko ofishin hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa. Ka riƙe kwafin komai a hannunka, ka kuma nemi a sa sunan garin da aka samo shi a kan takardar ajiya.